Kafin tafkunan Ahaggar su ƙafe, a ƙirga abin da ke cikinsu

Idan ka ce wa baƙo akwai kifi a duwatsun Tamanrasset, dariya zai yi maka. Amma akwai shi. A kan hanyar Assekrem akwai tafkunan Afilal, sannan ga na Issakarassene, irin kwarmin dutsen nan da Larabawa ke kira gelta, Buzaye kuma agelmam. Ruwansu ba ya yankewa ko da rani, kuma ƙananan kifaye da masana ke kira Barbus suna rayuwa a ciki. Ragowar zamanin da Sahara ke da ciyawa da koguna ne.

Tun 2001 aka sa wuraren biyu cikin jerin Ramsar, yarjejeniyar kare dausayi da aka ƙulla a Iran a 1971. Afilal na da hekta 20,900, Issakarassene 35,100, duka a cikin gandun Ahaggar da aka kafa a 1987. To madalla. Sai dai suna a takarda ba ya tsare ruwa. Ra'ayina shi ne, kafin a ƙara haƙa rijiya, ko a yanka hanya, ko a kafa sansanin 'yan yawon buɗe ido kusa da kowace gelta, a fara aika masu bincike su ƙirga abin da ke ciki, kuma su riƙa komawa kowace shekara.

Aikin ba wani sihiri ba ne. Ana jefa ƙaramar koma, a kama, a auna, a mayar. Ana duba zafin ruwa da gishirinsa. Ana lissafa kwaɗi, katantanwa da tsutsar mazari, domin wasu ƙwarin ba su jure ƙazanta, kuma ɓacewarsu ita ce gargaɗin farko. Yanzu ma akan tace ruwa kaɗan a gano halittun da ke wurin daga ɓurɓushin ƙwayoyin halittar da suka bari. Jami'ar Tamanrasset na da ɗalibai, makiyayan Kel Ahaggar kuma sun san wace gelta ce ta ja baya, wace ce ta cike da rairayi. A haɗa su wuri guda.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, mutane na neman ruwan sha kana zancen kifi?" Tambaya ce mai kyau. Ruwan famfonmu daga In Salah yake zuwa tun 2011, ta bututu mai tsawon kilomita kusan 750, kuma tsohon ruwan ƙarƙashin ƙasa ne da damina ba ta mayar da shi yadda ake jansa. Lambunan Abalessa, Idelès da Tazrouk kuwa, da garken makiyaya, sun dogara ne da ruwan da ke gangarowa daga duwatsu ya kwanta ƙarƙashin rairayin kori. Gelta ita ce wurin da wannan ruwa ke nuna fuskarsa. In ta lalace, rijiyar mai lambu na kan layi.

Mu Hausawa mun ga irin wannan a gida. An gina madatsar Tiga a 1974, Challawa a 1992, aka canja tafiyar ruwan Haɗejiya da Nguru. Fadamu suka ragu, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa suka ji a jikinsu. A nan kusa ma, a Tassili, an kashe kada na ƙarshe da aka sani a 1924. Abin da ya ɓace a hamada, babu kogin da zai sake kawo shi.

Mu ma da namu rabon aikin. Duk wanda ya fita shan shayi a bakin gelta ranar Juma'a, ya dawo da ledarsa da gwangwaninsa. Kada a wanke mota ko tufafi da sabulu a ciki. Kada kuma a saki wani kifi daga wani wuri da sunan taimako, domin baƙon kifi kan cinye ƙwan na gida. Direbobinmu da ke kai baƙi Assekrem, ku ne za ku fara faɗa musu haka tun kafin su sauka daga mota.