Kyamarar Cikin Mota: Abin Da Ya Kamata Mai Mota Ya Duba

Duk wanda ya san hanyar da ta taso daga Funtuwa, ta ratsa Tsafe da Kwatarkwashi har zuwa Gusau, ya san irin cunkoson tireloli da tankokin mai da motocin haya da ke kanta. Mutanen Bilbis da ƙauyukan kewaye ta nan suke kai amfanin gona kasuwa, ma'aikata kuma ta nan suke zuwa ofis. Idan hatsari ya auku, sau da yawa ba a samun shaida sai bakin direbobin biyu, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Wannan ne ya sa maganar kyamarar da ake liƙawa a gilashin mota ta cancanci a dube ta da idon basira.

Ba sabon abu ba ne a duniya. A ƙasar Rasha direbobi sun rungume ta saboda rigimar inshora, har ma su ne suka ɗauki hoton dutsen nan da ya faɗo daga sama a Chelyabinsk cikin watan Fabrairu na 2013. A nan Nijeriya kuwa, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda kotu ta karɓi shaidar da na'ura ta fitar, muddin an kawo takardar da ke tabbatar da cewa na'urar tana aiki daidai.

To, wace iri ya kamata a saya? Mai ido ɗaya gaba kawai take kallo, alhali kuwa sau tari daga baya ake bugun mota. Mai ido biyu tana ɗaukar gaba da baya. Mai ido uku ta haɗa har da cikin mota, ita ce kuma ta dace da motar haya, inda gardama kan kaya ko kuɗi takan tashi tsakanin fasinja da yaron mota.

Abu na farko da za a lura da shi shi ne zafi. Motar da aka ajiye a rana cikin watan Afrilu takan zama kamar tanda, batirin da ke cikin kyamara mai araha kuwa kumbura yake yi ya lalace. Gara wadda aka ƙera da ma'ajin lantarki mai jure zafi maimakon batir. Na biyu, lalle hoton ya fito da lambar mota sarai, ko da dare ko cikin hazon hunturu, domin hoton da ba a iya karanta lamba a cikinsa bai da amfani gaban alƙali. Na uku, katin ajiya. Ido uku sun fi ido ɗaya saurin cika kati, idan ya cika kuma sabon hoto yakan shafe tsoho, watau wajibi ne a kwafe hoton hatsari nan take. Na huɗu, kada a dogara ga wadda ba ta aiki sai da intanet, tun da jama'ar Zamfara ba su manta da rufe layukan waya da aka yi a watan Satumba na 2021 ba.

Amma fa akwai inda gizo ke saƙa. A hanyar da 'yan bindiga suke tare matafiya, kyamarar da ke ƙyalli a gilashi tana iya jawo wa direba fitina, saboda haka ƙarama wadda ke ɓuya bayan madubi ta fi. Har ila yau, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ba fasinja haƙƙi a kan hotonsa. Ya kamata a sanar da shi ana ɗauka, kada kuma a watsa shi a Facebook don neman suna.

Bisa ga haka, ya dace Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta zauna da ƙungiyar direbobi ta NURTW a tashoshin Gusau da Tsafe da Bunguɗu, su tsara yadda za a riƙa karɓar irin wannan hoto da adana shi. Kyamara ba ta cike ramin hanya, ba ta kuma hana gudun wuce sa'a, amma tana hana a danne wa mai gaskiya haƙƙinsa.