Icce na sabuntuwa, amma a gonar mai shi

Mafi yawan tukwanen Maraɗi da Yamai kan icce suke dahuwa, ko da manyan ofis na maganarsa kamar abin kunya. Masu cewa makamashi ne mai sabuntuwa sun yi gaskiya, bisa sharaɗi guda: manomi ya tabbata itacen nasa ne. Dokar 1992 ta kafa kasuwannin icce na karkara, ta bai wa ƙauyuka, irin na dajin Baban Rafi, ikon sayarwa. Sassabin zamani, da ya soma a jihar Maraɗi a 1983, ya maido gawo da kalgo gonaki ba da dashe ba. Amma inda ɗan gandun daji ke cin tarar manomi kan reshen da shi ya raina, manomin tumɓuke tsiron yake tun yana ƙarami.