Shin tsohuwar libarba ta ci kuɗinta?

Tun bayan harin da 'yan Lakurawa suka kai garin Mera a watan Nuwamban 2024, batun kare kai ya ƙara ɗaukar hankali a jihar Kebbi.

Manomin albasa a Aliero, ko ɗan kasuwa a Jega da Maiyama, zai iya ganin ya yi tsintuwa idan aka yi masa tallar tsohuwar libarba da araha.

To sai dai bindigar da tsatsa ta ci bututunta tana iya fashewa a hannun mai harbi. Haka kuma dokar makamai ta 1959 ta haramta mallakar libarba sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma hukuncin saɓa mata ɗaurin aƙalla shekara 10 ne.

Ke nan, ba a kasuwa ake gama biyan kuɗinta ba.