Iccen da ya karkata, wa ke da alhakinsa?

Kowace shekara, daga ƙarshen watan Mayu zuwa tsakiyar Yuli, hadari yakan taso wa garuruwanmu daga gabas, kuma iska ce ke riga ruwa isowa. Takan zo ja wur da ƙura, ta ɗauki minti goma ko ashirin tana jijjiga duk abin da ke tsaye. Idan gari ya waye, daga Yamai har Damagaram abu guda ake gani: dogon yaro kwance bisa katanga, reshen maɗaci ya ratsa kwanon rumfa, wayar wuta a ƙasa yara na tsallakawa. Wanda ya faɗi ya riga ya yi ɓarnarsa, sai jaje. Abin da ya kamata ya hana magabata barci shi ne wanda bai faɗi ba tukuna, iccen da iska ta girgiza har ya karkata, ƙasa ta tsage a gindinsa, yana jiran hadari na gaba, iyali kuwa suna shimfiɗa tabarma ƙarƙashinsa domin ɗaki ba ya kwantuwa saboda zafi.

Mu ɗauki mai gidan da ya ga wannan alama, kuma ya yi niyyar bin doka. Ya tafi ma'aikatar magajin gari, a ce masa sha'anin itatuwa na ma'aikatan gandun daji ne. Ya isa wurinsu, a ce ya rubuta takardar neman izini, ya jira a turo wanda zai duba. In reshen ya kusanci wayar wuta, gatari ba ya taɓa shi sai kamfanin NIGELEC ya yanke wutar layin. Ƴan kwana-kwana, waɗanda ake kira a lamba 18, aikinsu ceton rai ne, suna fitowa bayan icce ya danne mutum ko ya tare hanya. Kowane ofishi yana da gaskiyarsa a bisa takarda, sai dai hadari ba ya jiran sa hannun kowa. Ƙarshenta mai gida yakan zaɓi ɗayan biyu: ya kira mai gatari da dare ya sare, ya zauna cikin fargabar tara, ko ya bar wa Allah, ya zauna cikin fargabar da ta fi wannan.

Kada a ɗauka ina zargin dokar da ta kare itatuwa. Ƙasar da hamada ke bakin ƙofarta ba ta da zaɓi. Tun zamanin Sarki Tanimun na Damagaram, a ƙarni na 19, ake ba da labarin hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare gawo. Dokar gandun daji ta ranar 4 ga Maris 1974, wadda ta zo ana tsakiyar fari, ta jera itatuwan da aka hana taɓawa sai da izini, gawo yana cikinsu. Daga 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace. A watan Mayun 1984 aka yi babban taron yaƙi da hamada a Maraɗi, wanda ya haifi alkawarin da kowane ma'aikacin gwamnati na wancan lokaci ya sani, aka umurci hukumomi, makarantu da unguwanni su dasa, kuma suka dasa. Yamai ta fara kewaye kanta da gandun dogon yaro tun 1965. A kwarin Majiya, cikin yankin Buza, layukan dogon yaro da aka soma dasawa a 1975 sun kare gonaki daga iska. Inuwar da ɗan kasuwa ke baza hajarsa a ciki yau, da wadda ma'aikaci ke ajiye babur ɗinsa ƙarƙashinta, daga wannan ƙoƙari ta samo asali.

Amma a ƙidaya shekarun. Iccen da aka dasa bayan alkawarin Maraɗi ya haura shekara arba'in, na gefen manyan titunan da aka shata zamanin Turawa kuwa ya ninka haka. Mun kafa biki na dasawa, da jawabi, da ministan da ke riƙe da butar ban ruwa a gaban masu ɗaukar hoto. Ba mu kafa kome ba domin tsufan abin da muka dasa. Dokar 8 ga Yuni 2004 da ta maye gurbin ta 1974 ta ba ƙananan hukumomi wuri cikin sha'anin daji, sai dai hankalinta yana ga daji da gona. Iccen da ke tsakanin katangar Alhaji da ɗakin makwabcinsa, cikin lungun da amalanke ke wucewa da ƙyar, matsalarsa daban ce.

Ya kamata a san abin da ke kayar da icce a gari, domin yawanci da hannunmu a ciki. Dogon yaro baƙo ne daga ƙasar Indiya. Idan ya tsiro da kansa yakan tura saiwa guda zuwa ƙasa can, amma wanda aka rena cikin leda a wurin renon itace sau da yawa an datse masa wannan saiwa kafin dashe, sai ya dogara ga saiwoyin da ke bazuwa kusa da doron ƙasa. Daga baya a zo haƙa ramin bututun ruwa, ko magudanar ruwa, ko harsashin sabon shago, a datse saiwoyin gefe guda ba tare da kowa ya kula ba. Sannan a malala siminti har gindinsa. Icce yana nan kore shar, ganyensa bai nuna kome ba, alhali rabin abin da ke riƙe da shi ya tafi. Ranar da ruwa ya jiƙa ƙasa ta yi laushi, iska ta biyo baya, sai ya tuge gaba ɗaya, kuma yakan faɗi ta gefen da ba a yi tsammani ba.

Akwai kuma sara na ganganci. Da bazara, lokacin da abincin dabbobi ya yi wuya ko itacen girki ya yi tsada, a hau a datse manyan rassa da gatari, a bar baki a farfashe. Ruwa ya shiga, ruɓa ta bi, gara ta samu ƙofa. Sababbin rassan da ke tohowa a bakin irin wannan sara suna girma da sauri, su yi nauyi, amma a bawo kawai suke manne, su ne ke fara ɓallewa. Iccen turare, wanda aka cika dasawa a harabar ofisoshi saboda saurin girmansa, ya shahara da sakin reshe ko babu wata iska mai ƙarfi. Tsofaffin ma'aikatan gandun daji kuma suna tune da ciwon da ya kama dogon yaro a ƙasar nan tun daga 1990, wanda ya riƙa busar da kawunan itatuwa. Alamomin haɗari ba sa bukatar digiri: karkata sabuwa da ba a san icce da ita ba, ƙasa da ta kumbura ko ta tsage a gefen da ya baro, kogo a kututture, naman kaza da ya tsiro a gindi, tsaga a mahaɗar manyan rassa, busasshen kai. Mai unguwa da ma'aikaci guda za su iya gane su cikin zagayen yini ɗaya.

To, in abin ya faru, wa zai biya? Dokar farar hula da muka gada daga Faransa ta faɗa a sashe na 1384 cewa mutum yana ɗaukar alhakin ɓarnar da abin da ke ƙarƙashin kulawarsa ya yi. Malamanmu na fiƙihun Malikiyya su ma sun daɗe da yin magana a kan reshen da ke cutar da katangar makwabci. Ke nan mai gida yana iya samun kansa gaban alƙali saboda iccen da ya faɗa wa makwabci, alhali tsoron tara ne ya hana shi sare shi. Iccen bakin titi kuwa, na harabar makaranta, na asibiti, na tasha, na kasuwa, mai kula da shi hukuma ce. Talaka da ya rasa rumfa bai cika kai magajin gari ƙara ba, ya fi sabawa da cewa ƙaddara ce, kuma wannan haƙurin ya sa hukumomi ba su taɓa jin zafin sakaci a aljihunsu ba. Ƙaddara gaskiya ce, amma iccen da aka kai kukansa ofishi tun watan Afrilu ya faɗi a watan Yuni, akwai sunan wani a kan takardar.

Na san abin da ma'aikatan gandun daji za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Yawancin gidajen ƙasar nan da itace suke girki, fataucinsa kuɗi ne masu yawa, shi ya sa dokar watan Agustan 1992 ta tsara kasuwannin itace na karkara da harajinsu. In aka ce duk wanda ya ga haɗari ya sare, gobe kowane maɗaci mai kauri zai zama mai haɗari a bakin masassaƙa, kuma duk mai son faɗaɗa shago zai ga iccen ƙofarsa ya karkata. Wannan tsoro ne na gaske. Sai dai jinkiri ba ya maganinsa, domin mai niyyar sata ba ya zuwa neman izini tun farko. Wanda jinkiri ke azabtarwa shi ne mai bin doka.

Karkara ma ta riga ta ba mu amsa. Muddin manomi yana ganin iccen gonarsa na hukuma ne, tumɓuke shi yake yi tun yana ƙarami don kada ya jawo masa ma'aikaci. Daga shekarun 1980, a jihar Maraɗi sannan a Damagaram, da aka sassauta, manoma suka ga za su iya renon tohon da ke gonakinsu su kuma amfana da shi, sai itatuwa suka dawo a fili mai faɗin kusan eka miliyan 5 ta ma'aunin hekta, abin da duniya ke zuwa kallo. A 2020 gwamnati ta tabbatar wa manomi wannan haƙƙi da doka. Mutumin birni ba shi da bambanci. Wanda ya san cewa ranar da icce ya zame masa barazana za a saurare shi cikin gaggawa, shi ne zai yarda ya dasa wani a tsakar gidansa. Yau akwai masu gina sababbin gidaje da ke gudun dasa babban icce don kada su ɗaura wa kansu rigima.

Abin da ake bukata bai kai kuɗin biki guda ba. Aikin na watan Maris da Afrilu ne, kafin hadarin farko: kowace ƙaramar hukumar birni ta tura ma'aikacin gandun daji da mai unguwa su zagaya, su shafa jan fenti ga iccen da dole a kawar, wani launi ga wanda sassabe rassa zai wadatar, su rubuta cikin littafi da kwanan wata. A fara da makarantu, asibitoci, tashoshi da kasuwanni, inda jama'a ke taruwa ƙarƙashin inuwa. Yawancin itatuwan ma ba za su kai ga sarewa ba, rage musu nauyi da zarto, a yanka reshe daidai mahaɗarsa, ya isa ya ƙara musu shekaru. Da damina kuwa a buɗe ƙofa guda, a ma'aikatar magajin gari, inda kuka zai shiga, ma'aikaci ya je ya gani da idonsa cikin kwana biyu, izinin gaggawa ya fito kyauta. Kuɗin izini a irin wannan hali shi ke buɗe hanyar ciniki a bayan ofishi, kowa ya san haka. Kuma duk wanda aka sare masa icce a sa shi ya dasa biyu, a wurin da ya dace, nesa da katanga da waya.

Saran kansa aiki ne na gwani. Iccen da ya jingina da gini ko ya rataya a kan waya yana ɗauke da nauyin da ido ba ya gani, in aka yanke reshen da ke tokare da shi yana iya juyawa ya bugi mai saran. Daga sama ake farawa, gunduwa gunduwa, kowace a ɗaure ta da igiya a sauke, bayan an tabbatar an yanke wuta kuma an fitar da mutanen gida. Samarin da ke wannan aiki a garuruwanmu suna hawa ba takalmi, ba igiyar tsaro, da gatari a kafaɗa, a kan ɗan abin da aka yi jinga. Ƙaramar hukuma tana iya zaɓen goma daga cikinsu, a horar da su tare da ƴan kwana-kwana, a ba su zarto mai inji, tsani, igiya da hular kwano, a yi musu rajista. Itacen da aka samu daga bakin titi a sayar da shi a bainar jama'a, kuɗin ya koma ga mai da gyaran kayan aiki. Ƴan kasuwa, da su ne suka fi asara idan reshe ya faɗa wa rumfa cike da kaya, ba za su ƙi sa hannu a aljihu ba in sun ga inda kuɗin ke tafiya, kuma ƙungiyoyinsu ba sai sun jira an gayyace su ba.

An zaɓi majalisun ƙananan hukumomi karon farko a watan Yulin 2004, aka ce mulki ya matso kusa da jama'a. A watan Afrilun 2024 aka rusa su, aka naɗa shugabannin riƙo. A daminar wannan shekarar ta 2024 ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a faɗin ƙasa, ta shafi sama da miliyan guda, tsohon masallacin Damagaram ma ya rushe a farkon Satumba. Ruwa irin wannan yana barin ƙasa a jiƙe makonni, yana kuma raunana gindin itatuwan da suka tsira, waɗanda har yanzu suke tsaye a unguwanninmu. Ko zaɓaɓɓe ne ke zaune a kujerar magajin gari ko naɗaɗɗe, littafin nan da gwangwanin jan fenti suna cikin ikonsa, ba sai ya nemi izinin Yamai ko taimakon wata ƙasar waje ba, kuma lokacin fara zagayen watan Maris ne.