“Ni da Allahna Ne”: Shin Ya Isa?



Kwanan baya na gamu da wani ɗan'uwa a tashar mota a Funtuwa. Ni na yi masa baftisma da hannuna. Tun 2021 ya kwashe iyalinsa daga ƙauyensu kusa da Kuyello, bayan 'yan bindiga sun kora shanunsa na huɗa. Da na tambaye shi inda yake sujada yanzu, sai ya ce, “Baba Fasto, ni da Allahna ne. Ina karatu, ina addu'a, ina jin wa'azi a waya. Me ya rage?”

A makon nan kuma wani dattijo ya kawo shawara a soke sunan duk wanda ya shekara biyu bai ci Jibin Ubangiji ba. Ban yarda da ko ɗaya cikinsu ba.

Bari in fara da dattawa, domin kuskurenmu ya fi nauyi. Littafin sunayen da ke cikin akwatin magatakarda ba shi ne Littafin Rai ba. Ɓarawon nan na kan gicciye ba shi da katin baftisma, bai taɓa ba da zakka ba, amma Luka 23 ya nuna mana inda ya kwana. Ceto ta wurin alheri ne, ta bangaskiya. Mutanen da suka kwana a daji da 'ya'yansu, suka sayar da gona don biyan kuɗin fansa, a shekarun da hanyar Birnin Gwari zuwa Kaduna ba ta biyuwa sai da rakiyar sojoji, ba su ja da baya ba. Korarsu aka yi. Kafin mu ɗauki alƙalami, mu tambayi kanmu: sau nawa muka je neman su? Ni kaina ban san inda ɗan'uwan nan yake ba sai da tasha ta haɗa mu, kuma abin kunya ne a gare ni.

Amma kai ma ɗan'uwa, maganarka ba ta cika ba. Mukan karanta Ibraniyawa 10:25 kamar tsawa ce ga masu makara ranar Lahadi. Ku sauka zuwa aya ta 34 ku ga waɗanda aka rubuta wa: mutane ne da aka ƙwace wa dukiya, aka jefa waɗansunsu kurkuku. Irinmu ne. Su ne aka gargaɗa kada su daina taruwa, domin wanda ya sha wuya shi ya fi saurin karaya idan yana shi kaɗai. Mutumin Habasha ma yana riƙe da littafin Ishaya a cikin karusarsa, bai gane ba sai da Filibus ya hau ya zauna kusa da shi. Waya tana wa'azi, gaskiya ne. Amma ba ta san sunanka ba. Ba za ta tsawata maka ba in ka fara shan giya, ba za ta yi wa 'yarka baftisma ba, ranar da aka yi maka rasuwa kuma ba ita za ta haƙa kabari ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ikkilisiya kuwa mutane ce. A 2020 an rufe majami'u a duk Jihar Kaduna saboda korona, muka yi sujada gida-gida, ba wanda ya ce Almasihu ya bar mu.

Tun sulhun da gwamnatin jiha ta yi a Nuwamba 2024, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, waɗansu sun koma gona, waɗansu kuma ba su saki jiki ba, ban kuwa ga laifinsu ba. Don haka roƙona ga majalisar dattawa shi ne a jingine zancen soke suna. A rubuta inda kowane gida yake, Funtuwa ne, Zariya ko Kaduna. Wanda akwai majami'a kusa da shi a ba shi takardar shaida ya kai. Inda babu, dattawa biyu su riƙa zuwa da gurasa da ƙoƙo.

Na faɗa wa ɗan'uwan nan haka. Ya ce ɗaki ɗaya gare shi, su bakwai, sai dai akwai gidaje biyu na mutanenmu a bayan layinsu. Na ce ya gaya musu su zo da tabarma ranar Lahadin farko ta wata.