Waiwaye: Ƙwayar da ta kwanta a jini

A watan Yulin 1996 likitoci da masana daga sassan duniya suka hallara a Vancouver ta ƙasar Kanada, wajen taro na 11 kan cutar ƙanjamau. Shekara 15 ke nan ana ta binne mutane, likita kusan ba shi da abin yi sai lallashi da rage raɗaɗi. A wannan taron ne aka ji sabon labari: idan aka haɗa wa majiyyaci magunguna uku a lokaci guda, ƙwayar HIV kan ragu a jininsa har na'urar gwaji ta kasa ganin ta. Waɗanda aka riga aka fid da rai da su suka miƙe, suka murmure, wasu har suka koma bakin aiki. A Amurka mace-macen da cutar ke haddasawa suka ragu da kusan rabi tsakanin 1996 da 1997.

Mujallar Time ta zaɓi Dakta David Ho na birnin New York a matsayin gwarzon shekarar 1996. Shi da abokin aikinsa Alan Perelson, wanda masanin lissafi ne, sun auna saurin da ƙwayar ke raguwa, suka ƙiyasta cewa shan magani na kimanin shekara 3 zai iya kakkaɓe ta daga jiki baki ɗaya. Sun dai gindaya sharaɗi: muddin ba ta da wata maɓoya da ba a sani ba. Ashe tana da ita.

A watan Nuwamban 1997 rukunin masana uku suka fitar da sakamako iri ɗaya: na Robert Siliciano a Jami'ar Johns Hopkins, da na Douglas Richman a San Diego, da na Tae-Wook Chun da Anthony Fauci a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka. Sun ɗebi jinin mutanen da gwaji ya nuna babu ƙwayar a jininsu, suka ware ƙwayoyin CD4, waɗanda ake ce wa sojojin jiki a asibitocinmu, suka zaburar da su a ɗakin gwaji. Sai ga HIV ta fito da ranta, tana iya kama wasu ƙwayoyin.

Ga yadda abin yake. Idan HIV ta shiga ƙwayar CD4, takan dasa kanta a cikin kundin gadon wannan ƙwayar, wato DNA, ta zama wani yanki nata. Yawancin ƙwayoyin da ta kama sukan mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma akwai wasu sojojin da aikinsu shi ne tuna cututtukan da jiki ya taɓa haɗuwa da su, irin waɗanda ke sa wanda ya yi ƙyanda yana yaro ba ya sake yin ta. Waɗannan sukan koma su kwanta shekara da shekaru, ita ma HIV ɗin da ke cikinsu ta kwanta. Magani yana tare ƙwayar ne lokacin da take ƙoƙarin hayayyafa. Wadda ta yi lamo ba ta yin komai balle a tare ta, garkuwar jiki ma ba ta gane ta. Manomin dawa ya san irin wannan a wajen ƙuduji: ka nome wanda ya tsiro tas, amma irinsa yana cikin ƙasa, yana iya shekara goma yana jiran damina da saiwar da zai maƙale wa.

Sojojin da HIV ta kwanta a cikinsu ba su da yawa, kimanin ɗaya cikin miliyan. Matsalar ita ce daɗewarsu. Rukunin Siliciano ya bi majiyyata shekaru, ya gano sai an yi wata 44 kafin adadinsu ya ragu da rabi. A 2003 suka buga lissafin: zai ɗauki fiye da shekara 70 ana shan magani kafin su ƙare. Daga shekara 3 an koma tsawon rai.

Ko jinin ma ba wanke yake tas ba. Gwajin da ake yi a asibiti yana da iyaka, ƙwaya 50 ko 20 a kowace mililita. Abin da ya gaza haka ba ya gani. Da aka ƙirƙiro gwaji mai kaifin da zai iya ƙirga ƙwaya guda, Sarah Palmer da abokan aikinta suka nuna a 2008 cewa yawancin masu shan magani suna da 'yan ƙwayoyi ƙalilan a mililita, ko da sun shekara 7 a kan magani. An zaci ko ƙarfin maganin ne bai kai ba, aka ƙara musu na huɗu, raltegravir. Adadin bai motsa ba. Wato ragowar tana fitowa ne daga sojojin da ke farkawa jefi-jefi, su saki 'yar ƙwaya, magani kuma ya hana ta kama wasu. A 2014 aka gano wani abin da ya ƙara bayyana taurin kan wannan maɓoya: idan ƙwayar CD4 mai ɗauke da HIV ta rabu biyu, kamar yadda ƙwayoyin jiki ke yi, kowace takan tafi da nata kason. Babu maganin HIV da zai hana jiki wannan aikin nasa.

An gwada ba mutane hutun shan magani, don a lokacin ƙwayoyin maganin suna da yawa, ga tsada, ga laulayi. Binciken SMART ya ɗauki mutum 5,472 a ƙasashe 33, aka raba su biyu: masu sha kullum, da masu tsayawa idan sojojin jikinsu sun yi yawa. A Janairun 2006 aka dakatar da tsarin, saboda haɗarin ciwo mai tsanani ko mutuwa a wajen masu hutun ya ninka fiye da sau biyu. Ga yawancin mutane, mako biyu zuwa huɗu da ajiye magani ƙwayar take dawowa.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na jaririyar jihar Mississippi. An haife ta a 2010, mahaifiyarta ba ta yi awo ba, sai tana naƙuda aka gano tana da cutar. Likitar yara Hannah Gay ba ta jira ba: jaririyar tana da awa 30 a duniya aka fara ba ta magunguna uku. Kafin ta cika wata guda ƙwayar ta ɓace daga gwaji. Tana kusan wata 18 aka daina kawo ta asibiti, maganin ya yanke. Da aka dawo da ita bayan watanni, likitar ta sa ran ganin jini cike da ƙwaya, sai gwaji ya nuna babu. Aka sake, babu. A Maris na 2013 aka sanar wa duniya, jaridu suka ɗauka cewa an warkar da yarinya. Ta yi wata 27 ba ta sha komai ba. A Yulin 2014, tana dab da cika shekara 4, gwajin da aka saba yi mata ya nuna ƙwaya sama da 16,000 a mililita. Aka mayar da ita kan magani. Awa 30 kacal cutar ta samu bayan haihuwa kafin a tare ta, da ɗan abin da ta samu a ciki, amma ya ishe ta ta yi wa kanta makwanci.

An samu waɗanda suka rabu da ita, kamar Timothy Ray Brown a Berlin, da aka yi wa dashen ɓargo a 2007, da Adam Castillejo a Landan. Su biyun cutar kansa ce ta kai su ga dashen, aikin da shi kansa yana kisa, kuma ɓargon ya fito ne daga mutanen da aka haifa da wani sauyin halitta da ke toshe wa ƙwayar ƙofa. Irinsu 'yan ƙalilan ne a duniya.

A shekarar da aka yi wa Brown dashe, shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya ce yana warkar da cutar da haɗin ganyaye. Sharaɗinsa shi ne a ajiye maganin asibiti. Wakiliyar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta nuna shakku, korar ta aka yi daga ƙasar. Mutane sun mutu, waɗanda suka tsira kuma suka kai ƙara kotu a 2018. Masu irin wannan iƙirari ba su ƙare ba a kasuwanninmu da gidajen rediyo, kuma hujjarsu takan zama takardar gwajin da maganin asibiti ne ya sa ta yi kyau. Majiyyaciya ta riƙe takardar ta ce, "Likita, tunda ba a ga komai ba, ba sai in huta ba?" Tambaya ce ta mai hankali, kuma ta cancanci a zauna a yi mata bayanin maɓoyar nan da Hausa, ba a daka mata tsawa ba.

Bai kamata wannan ya karya wa kowa gwiwa ba. 'Yar ragowar da ta saura ba ta hana mutum tsufa cikin iyalinsa. Binciken PARTNER a Turai ya bi ma'aurata da abokan zama da ɗayansu ke da cutar kuma magani ya danne ta. Bayan saduwa sau dubbai ba tare da kariya ba, ba a sami ko mutum ɗaya da ya ɗauka daga abokin zamansa ba. Yau kuma maganin ƙwaya ɗaya ce a rana, mai haɗe da dolutegravir.

Ƙididdigar 2018 ta nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da cutar a Nijeriya, kuma kaso mai yawa na maganinsu tallafin waje ne, musamman shirin PEPFAR na Amurka. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, hankalin asibitoci ya tashi. Ciwon da ke dawowa cikin mako huɗu bai dace maganinsa ya rataya a kan sa hannun wani a Washington ba. Wajibi ne gwamnatocinmu su sa kuɗinsa a kasafi, su kuma sake shi a kan lokaci. Kai kuma mai sha, ko mai ɗan'uwa da ke sha, idan tafiya ta kama ka, ko azumi, ko kuɗin mota ya gagara, ka je ka gaya wa ma'aikacin asibitinka tun kafin kwalbar ta ƙare.