Lokacin Allah da Karyayyar Ƙafa a Ƙofar Wambai

Duk wanda ya san Ƙofar Wambai da hantsi ya san ba wurin mai ɗingishi ba ne. Masu baro na tura dilolin gwanjo, 'yan dako na ihun a ba su hanya, Adaidaita Sahu na kutsawa ta kowace kafa, ga masu takalma da robobi sun baje kaya har bakin titi. A cikin wannan turmutsutsu akwai Kiristoci da ke tasowa daga Sabon Gari da sauran unguwannin wajen gari kowace safiya, su yi ciniki kafaɗa da kafaɗa da mutanen cikin Badala, su koma da yamma.

Ranar da mota ta buge ɗayansu a titin IBB, ko dila ta zame ta danne masa ƙafa, maganar da zai fi ji a bakin 'yan dubiya ita ce komai da lokacinsa, a jira lokacin Allah. Maƙwabcin rumfarsa Musulmi ma abin da zai faɗa ke nan da nasa lafazin: sai haƙuri, Allah ya sa kaffara ce. Maganar gaskiya ce. Abin dubawa shi ne yaushe ake faɗinta, kuma wa zai biya kuɗin jiran.

A fara da ƙashin kansa. Likitocin Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka kafa a 1959, kan gaya wa majinyaci abin da ba ya son ji. Karayar wuyan hannu takan ɗauki wajen mako shida kafin ta kama. Ƙashin ƙauri ko na cinya a jikin babba yana iya cin wata uku zuwa shida, wani lokaci fiye da haka, musamman ga mai ciwon suga ko mai shan taba. Jini ne ke fara daskarewa a wurin karayar, sai guringuntsi ya haɗa bakunan biyu, sannan a hankali ya ƙanƙare ya zama ƙashi. Babu allurar da ke tsallake waɗannan matakai. Attajirin Nasarawa da ɗan dakon Wambai layi ɗaya suke bi, yaro ne kawai ke da rangwame don nasa ya fi saurin kamawa. A nan mai cewa a jira lokacin Allah bai saɓa wa likita ba ko kaɗan: wanda ya halicci ƙashin shi ya ɗibar masa wa'adi.

Amma akwai jiran da ke cin ƙafa. Karayar da ƙashi ya huda fata ba ta kwana. Dole a wanke ciwon a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta tun a sa'o'in farko. Haka ɗaurin da aka matse fiye da kima, yana tare jini, naman ya fara mutuwa kafin gari ya waye. Alamun ba ɓoyayyu ba ne: zafi na ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu su kumbura, su yi sanyi, su daina ji, daga baya su yi baƙi. Likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna rubuce-rubuce kan yara da manyan da aka yanke wa hannu ko ƙafa saboda ruɓewa bayan ɗorin gida. Ba wai maɗora ba su iya komai ba ne. Kano na da gidajen ɗori na gado da suka tayar da mutane da yawa, kuma talaka na zuwa wurinsu ne don akwai sauƙin kuɗi da lamuni. Sai dai hannu ba ya ganin abin da hoton ƙashi ke gani, kuma daga Ƙofar Wambai zuwa Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata tafiyar ƙafa ce. Wanda ya kwanta a ɗaki ana shafa masa man zaitun, yana cewa yana jiran Ubangiji alhali yatsunsa na sauya launi, ba bangaskiya yake nunawa ba. Ganganci ne, kuma wanda ya ƙarfafa masa gwiwa a kai yana da kasonsa na alhaki.

Kishiyar wannan ita ce gaggawa, kuma ita ma takan sa rigar addini. Akwai masu wa'azin da ba su da wani kaya sai al'ajibin nan take. A kira majinyaci gaban jama'a, a ce ya jefar da sanda ya taka, a yi shewa, a ɗauki bidiyo. Bayan mako biyu ƙashin da bai gama kamawa ba ya goce, ko ƙarfen da aka sa masa ya lanƙwashe. Idan ya koma, sai a ce bangaskiyarsa ce ta yi ƙaranci. Ga karaya sabuwa, ga zargi.

Tarihin Ikilisiya kansa ba ya goyon bayan waɗannan. A watan Mayun 1521, a garin Pamplona na ƙasar Sifen, harsashin igwar Faransawa ya ragargaza ƙafar wani soja mai son ado da suna, Ignatiyus ɗan gidan Loyola. Ɗorin farko bai yi kyau ba, sai da aka sake karya ƙafar aka ɗora, a zamanin da babu allurar barci. Da ya ga wani ƙashi ya turo a ƙarƙashin gwiwa zai ɓata masa tsayuwa, shi da kansa ya ce a yanke shi da zarto. Watanni ya yi a kwance. Ya nemi littattafan jarumta bai samu ba, sai tarihin Almasihu da na tsarkaka, su ya yi ta karantawa don rage zaman kaɗaici. Ya tashi da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta, ya yi ɗingishi har ya mutu. Shi ne kuma ya kafa ƙungiyar limaman Jesuit da Paparoma ya amince da ita a 1540, wadda marigayi Paparoma Francis ya fito daga cikinta, wadda kuma makarantarta ta Abuja ke ɗauke da sunan Loyola. Abin lura, Ignatiyus bai ƙi likita ba, kuma ƙafar ba ta koma yadda take ba. Abin da ya samu a jinyar wani abu ne daban da wanda ya roƙa.

Littafi Mai Tsarki cike yake da irin haka, ko da yake ba su ne aka fi karantawa a taron neman waraka ba. Mutumin bakin tafkin Baitasda, a Yohanna sura 5, shekara 38 ya yi yana ciwo. Bulus ya roƙi a ɗauke masa wata lalura har sau uku, ba a ɗauke ba, kuma cikin abokan tafiyarsa akwai Luka, likita. Yakubu ya fito daga kokawar dare da albarka, ya kuma fito da ɗingishi. Ayuba kuwa, wanda Musulmi da Kirista duka suke buga misali da haƙurinsa, ya yi kuka, ya yi ƙorafi, ya yi tambaya, ba a kuma kore shi daga sahun masu bangaskiya ba. Majinyacin da ya gaji a wata na huɗu ya ce ya gaji, bai yi saɓo ba.

Su ma waɗanda suka kawo Kiristanci ƙasar Hausa da jakar magani suka zo. A tawagar Bishop Tugwell da ta iso Kano a 1900, wadda Sarki Alu ya sallama cikin 'yan kwanaki, akwai likita, Walter Miller, wanda daga baya ya zauna a Zariya ya yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Sai a 1943 wata mishan ɗin, SIM, ta buɗe asibitin idon da yau ake kira na ECWA, inda Kanawa ke cika layi ba a tambayar kowa addininsa. Mai cewa zuwa asibiti raunin bangaskiya ne bai san gidan da ya fito ba.

Saura batun da ba a cika taɓawa a kan mumbari ba: kuɗi. Ma'aikacin gwamnati in ya karye, albashinsa na shiga yana kwance. Ɗan kasuwar Wambai kuwa sai ya fita zai ci. Wata huɗu a gado na nufin jari ya narke, kuɗin haya ya taru, an koro yara daga makaranta, abokan ciniki sun saba da rumfar maƙwabci. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya ke fitowa daga aljihun majinyaci, kuɗin aiki da na ƙarfe da na gashin ƙashi duk a wuyansa suke. Wannan ne ke sa mutum ya fasa filasta da hannunsa a mako na biyar ya koma kasuwa. Ba rashin yarda da Allah ya fitar da shi ba, tukunya ce ta bushe.

Cikin labarin Basamariyen nan na Luka sura 10, abin da ake saurin wucewa shi ne ƙarshensa. Bayan ya ɗaure wa mutumin da ya tsinta a hanya raunuka ya kai shi masauki, ya zaro dinari biyu ya ba mai masaukin, ya kuma ɗauki alkawarin biyan duk abin da aka ƙara kashewa. Wato ya saya wa majinyacin lokacin kwanciya. Ikilisiyar da ke cewa ɗanta ya jira lokacin Allah, amma ta bar shi da mai gidan haya, rabin wa'azi ta yi.

Kayan aikin kuwa suna nan. Zumuntar Mata ta iya dubiya da kwanon abinci tun ba yau ba, kasuwa ta iya adashi, hukumar KSCHMA ta jihar Kano na karɓar masu sana'ar kansu cikin tsarin taimakekeniyar lafiya, dokar tarayya ta 2022 ma ta wajabta inshorar. Fastoci da dattawan majami'un Sabon Gari su ware baiko na musamman don masu doguwar jinya, su kuma faɗa a sarari ranar Lahadi cewa karaya asibiti ake fara kai ta. Shugabannin kasuwar Ƙofar Wambai, Musulminsu da Kiristansu, su yi wa 'yan dako da yaran shago rajista, su kuma tsare wa wanda ya kwanta rumfarsa har ya taka da ƙafarsa.